Motar Illo Direba

Karo na huɗu ke nan a mako guda da Muttaƙa bakanike ya jingine babur ɗinsa a ƙofar gidan Illo a Bazaga, ya tarar da jar motar nan tana walƙiya a gindin itacen bedi, ta ƙi tashi.

Muttaƙa ba ƙaramin bakanike ba ne a Ƙonni. Direbobin Tsarnawa kan ce in ya ji tarin inji sau ɗaya ya san ciwonsa. Shi ma ya yarda da haka, har ya fi su yarda.

Mai motar kuwa kowa Illo Direba yake kiransa. Shekara goma sha bakwai ya yi a Ikko cikin motocin manyan mutane, ya dawo da tasa a bayan tirela, wai don kada doguwar hanya ta gajiyar da ita. Tun da aka sauke ta ba ta motsa ba, amma ko ƙuda ya sauka a kanta sai ya zame. Ana nan sai aka kira Maigari taro a Ƙonni ranar Juma'a, ya ce shi da amalanken jaki har abada, tunda garinsa na da mota da direba.

Ranar Litinin batir ne ya mutu. Muttaƙa ya sa wani, ya murɗa makulli, mota ta ɗauka. Illo ya tsuguna kusa da shi, mutum mai son ilimi.

"To, maigida, in ba batir ba, mi ka hana mota tashi?"

"Buji," in ji Muttaƙa, ya nuna masa fulogin injin da yatsa.

Ranar Talata aka kira shi a waya, mota ta sake ƙi. Wayoyin buji ya samu a hargitse, ta farko a gurbin ta uku. Ya gyara yana ƙunƙuni, ya yi wa Illo dogon bayani a kan fiyus ɗin famfon mai. Ranar Laraba fiyus ɗin ya ɓace ɓat. Yau Alhamis kuma tsumma ya zaro daga salansa, guda guda har bakwai, kamar mai wasan dabo a kasuwa.

Bazaga ta rabu biyu. Wasu suka ce ɓera ne, wasu suka ce ɓera bai san fiyus ba. Aka ɗaure wata akuya da aka taɓa gani tana shinshinar taya. Tsohuwa Nana, uwar Illo, ta ce kewar Ikko ce ke damun motar, aka kunna mata kiɗan Yarabawa wuni guda. Ba ta ji sauƙi ba.

Abin da ya ƙona wa Muttaƙa rai shi ne labari ya kai Ƙonni. Masu shayi suka fara tambayarsa lafiyar majinyaciyarsa. Haushi ya kwashe shi, ya rantse a gaban Maigari cewa in motar nan ba ta shiga Ƙonni ranar Juma'a ba, zai rufe gareji, ya raba sifanunsa sadaka, ya koma noman wake. Sai da maganar ta fita ya tuna ko gona ba shi da ita.

Da hantsin Juma'a ya iso. Wannan karon ruwa ya tarar a cikin mai. Ya zubar da tanki, ya wanke kafireta, ya goge buji ɗaya bayan ɗaya, sannan ya rufe murfin inji ya haye kai ya zauna. Illo ya kawo masa fura, ya ce ya shiga zaure ya huta. Ya ƙi. Ya ce ya je ya kama ruwa kafin a tafi. Ya ƙi.

Maigari ya fito cikin babbar riga, ya cika kujerar baya. Muttaƙa ya sauko, ya yi bisimilla ya murɗa makulli. Inji ya amsa sumul. Mata suka rangaɗa guɗa, aka kwance akuya aka ba ta haƙuri.

"Direba, bisimilla," in ji Maigari. "Kada mu makara."

Jama'a suka tura Illo gaban sitiyari. Ya riƙe shi da hannu biyu. Ya gyara madubi, ya sake gyarawa, ya zaro hankici ya goge wani ɗan tabo a gilashi. Gumi ya jiƙa masa wuyan riga, mota na ta kuka a wuri ɗaya.

Can ya yafito Muttaƙa. Da bakaniken ya sunkuyo ta taga, Illo ya cusa masa wani abu a hannu: fiyus ɗin ranar Laraba.

"Maigida, don Allah ka ruhwa mani asiri ka shigo ka ja ta," ya raɗa masa. "Ni can Ikko wanke su nike yi."