Gayyar Na'iya

"Gidanki yana tsaye ko ya faɗi?" alƙali ya tambaya.

"Ya faɗi, Allah shi gafarta Malam," in ji Hafiza. "Ambaliya ta cinye shi. Ƙanen marigayi mijina, Na'iya, shi ya tara gayya anka tada mani ɗaki."

Ɗakin nan ne ya ja mata. Kwamitin tallafin gidaje ya zo garinsu Jabo, ya tarar da sabon bango, ya ce ba ta cancanta ba, ta kawo ƙara Tambuwal. Duk da haka albarka take sa wa Na'iya, don ruwa bai gama janyewa ba ya hau gaggauta magina, wai kada marayu su kwana waje.

Lauyan kwamiti ya miƙo mata hoto. "Inna, dubi wanda muka gina wa. Wannan shi ne mabuƙaci."

Kangon gidanta ne. Ga turminta mai tsaga, ga randarta a kife. A tsakiya ga Na'iya cikin yagaggiyar riga, ya zabga tagumi.

Ta waiwaya. Ga Na'iya zaune a benci cikin sabuwar hula, shaidan da ta kawo da kanta.

Yawu ya cika mata baki, ta rasa inda za ta tofar.