Aron Filin Awon Gyaɗa

Kai da aka ba aikin shata unguwanni, saurari wannan kafin ka ɗauki igiyar awo.

A wani gari an danƙa wa wani ma'aikacin tsara gari tsohon filin awon gyaɗa, wanda ya zama juji tsakanin tasha da asibiti. Shugaban ƙaramar hukuma ya ce a gina shaguna ɗari biyu, a kwashe masu kasa kaya a bakin titi a zuba su ciki, domin mota ta riga ta buge mutum biyu. An gama zane, ƙofa tana kallon gabas. To, ma'aikacin ya taɓa gina kasuwa irin wannan a wani gari, har yau awaki ke kwana a cikinta. Sai ya roƙi a ba shi damina ɗaya da rani ɗaya kafin a fara gini. Shugaba ya ce, "Na ba ka. In ka dawo hannu wofi, wani zai hau kujerarka."

Ma'aikacin ya sa aka kwashe shara. Ya kira mai unguwa da sarkin kasuwa su shaida cewa filin aro ne na shekara guda: kowa ya kafa rumfar zana inda aka nuna masa, amma ban da siminti. Kullum da hantsi yakan zo ya zauna a benci yana kallo, har aka sa masa suna mai gadin tumatir. Ruwan farko da ya sauka ya kwanta a gabas, daidai inda zane ya sa ƙofa, har gwiwa. Mata masu kayan miya suka ja farantansu zuwa gindin tsamiya. Masu jinya suka riƙa ratsa filin a karkace daga tasha zuwa asibiti, har sawunsu ya fitar da hanya, masu abinci kuwa suka bi hanyar suka jeru. Mahautan da ya ajiye a tsakiya, ƙuda ya sa maƙwabta suka kore su zuwa kudu. Tsakiyar ba wanda ya sake kafa rumfa a cikinta. Nan ake sallar jana'iza, nan marina ke shanya.

Da shekara ta cika, ya yage zanen farko, ya zana abin da ya gani a ƙasa: shaguna sittin, ƙofa a yamma, magudanar ruwa a gabas, tsakiya a buɗe. Da aka zo fara gini, wani mai shayi ya ƙi tashi, sai da mai unguwa ya tuna masa shaidar da aka yi. Shugaba ya yi gunaguni a kan sittin ɗin, amma ya sa hannu. Ranar da aka buɗe kasuwar babu shago ko ɗaya a kulle, bakin titi kuwa fayau.

Shi ya sa Hausawa ke cewa, sai an gwada akan san na ƙwarai.