Ɗorin Rokar Malam

Tunda ka ce ba ka ga abin da tsofaffin unguwa za su tsinana maka a sana'arka ta zamani ba, gyara zama ka ji wannan. Wani malamin kimiyya ne a makarantar sakandaren wani ƙauye ya shafe zango guda shi da ɗalibansa suna haɗa 'yar roka irin ta koyo, tsawonta bai wuce kamu biyu ba. Jikinta bututun kwali ne mara nauyi. A gindinta akwai ɗan injin da aka aiko masa daga birni, guda ɗaya tal, kuma in an kunna shi sau ɗaya ya gama aiki. Iyaye sun daɗe suna ƙorafin malam na ɓata wa yara lokaci da wasan banza, har shugaban makaranta ya yanke magana: ranar Alhamis a harba rokar a gaban kowa, in ta tashi darasin ya ci gaba, in ta ƙi a soke shi. Ranar Litinin malam ya ce bari ya kai ta gida ya yi mata fenti. To, ka san mutanenmu da ɗaurin kaya a babur. Ya samo igiyar roba ya ja iya ƙarfinsa, kamar mai ɗaure buhun masara. Ko da ya isa gida, bututun ya lotse a tsakiya, gefe guda har ya dare. Ya ɗauko salatef ya naɗe wurin tam, ya bi da fenti, ya ce ai ba mai lura.

Maƙwabcinsa wani dattijo ne mai ɗori, wanda ya gaji gyaran karaya kaka da kakanni. Malam yakan gaishe shi kullum, amma gaisuwar wucewa, don a ransa yana ganin zamanin irin su ya shuɗe. Da la'asar dattijon ya hango rokar tana shan iska a ƙofar gida, ya ce a miƙo masa. Ko kallon fentin bai yi ba. Ya bi jikinta da babban yatsa a hankali, sai ya tsaya cak a kan naɗin. Ya kwantar da ita a gefen dakali, fikafikanta a waje, ya mirgina ta, sai ga ta tana ɗingishi. Ya ce, "Malam, ciwon nan rufe shi ka yi, ba ka ɗora ba. In ta tashi a haka, kan jama'a za ta nufa." Kunya ta kama malam, amma tsoro ya fi kunyar yawa, sai ya bar shi ya gyara ta. Dattijo ya warware salatef, ya zura muciya ta ciki yana murzawa har lotsewar ta taso. Ya fere siraran karan dawa irin waɗanda yake ɗaure karaya da su. Malam ya ce in aka sa su a waje iska za ta riƙe rokar. Tsohon ya yi dariya ya ce shekara hamsin yana fama da majinyatan da ba su da ƙofar shiga, yau ga mai ƙofa a buɗe. Ya jera karan ta ciki, ya naɗe wani kwalin ya tura ya danne su, aka bi da gam. Sannan ya kafa sharaɗin da ya fi komai wuya, wato kwana biyu ba taɓawa, ba dubawa. Da ya ga hannun malam na ƙaiƙayi, sai ya shige da rokar ɗakinsa ya rataya.

Ranar Alhamis filin makaranta ya cika. Aka ƙirga, aka kunna, rokar ta miƙe sama ɗoɗar ba ko karkacewa, har ta koma kamar tsinke a ido, sannan 'yar lemar da aka naɗe a cikinta ta buɗe, rokar ta sauko a hankali. Iyayen da suka zo kallon abin dariya su ne suka fi kowa kabbara. Shugaban makaranta ya kira malam ya yi jawabi, amma malam ya ratsa taron ya je inda dattijon yake zaune a inuwa, ya durƙusa a gabansa, idonsa ya ciko da ƙwalla. Ya gaya wa jama'a duk abin da ya faru, har da ɓoyon da ya so yi, ya ce ba don wannan bawan Allah ba, da yau ya rasa darasinsa, wataƙila ma ya raunata ɗan wani. Dattijon dai cewa ya yi, "Allah ya yi albarka."

Shi ya sa Hausawa suka ce, da tsohuwar zuma ake magani.