Mai Sayen Matacciyar Naira

"Wai wane mahaukaci ne ke sayen kuɗɗin da za su mutu nan da kwana goma?"

Fadila tana tankaɗe a tsakar gida ta ji tambayar ta katanga, daga majalisar ƙofar gida. Aka kwashe da dariya. Dariyar mijinta Abdulrazak ta fi ta kowa ƙarfi, amma ita ta san ba ta kai ciki ba.

Farkon shekarar 2023 ne. Najeriya ta sake zanen manyan takardun naira, ta kuma sa ranar daina karɓar tsofaffin. Abdulrazak kuwa takalma da robobi yake sarowa daga Sakkwato yana sayarwa a kasuwar Dogon Dutsi ta Nijar, kuma jarinsa kaf, naira miliyan biyu, tsofaffin takardu ne a cikin akwatin ƙarfe. Ba ya ajiya a banki saboda kuɗɗin ruwa, ya sha faɗin haka a bainar jama'a. Yanzu bankunan can ba su san shi ba, layinsu kuma sai an yi kwana uku.

Tarihin kuɗi dai babu wanda ya kai shi sani. Da waya a hannu zai gaya maka lokacin da naira ɗaya take cin dala tamanin, wato sefa ɗari huɗu, da shekarar 1994 da aka wayi gari an raba darajar sefa gida biyu, da yadda naira ta yi ta zamewa har jikka guda, wato sefa dubu, ta koma cin naira dubu da ɗari biyu. Fadila a aji huɗu ta bar lakwal, makarantar boko. In ya fara, sai ta ce "to" ta ci gaba da aikinta.

Mahaifinsa, Alhaji Nomau, labari guda gare shi, amma ya fi na wayar cizo. A 1984 aka sauya launin naira, aka rufe iyaka, aka ba mutane kwana goma sha biyu. Ya ce da idonsa ya ga attajiran Arewa suna hura wuta da kuɗi. In aka tambaye shi nasa fa, sai ya girgiza kai, ya dubi ƙofar gidansa ta siminti mai ɗauke da rubutun 1985, ya ce kada Allah ya maimaita.

Tsohon ya yi wata shida ciwon gwiwa bai bar shi ya fita ba. A makon nan sai ga shi kullum a majalisa, yana ba da labarin har sau uku a yini. Ya ma sayar da bijimansa biyu, wai zai nemi magani a Dosso.

A tashar mota kuma Abdulwahid ɗan canji ya baza tabarma. Ya ce wani mutumin Argungu ne ya aiko shi, tsohuwar naira dubu huɗu a jikka guda, wanda bai so ya riƙe abinsa. Da farko dariya aka yi ta yi masa. Da kwanaki suka matso sai aka ja layi.

Abdulrazak ya yi ta zagaye akwatinsa. Ranar da ya rage kwana uku, Fadila ta yi ƙarfin hali tana zuba masa ruwa ta ce, "Malam, Inna Lantana maƙwabciyarmu ta dawo daga Kangiwa ta Najeriya jiya. Ta ce matan can har yanzu suna karɓar tsofaffin."

"Matan Kangiwa su ne gwamnati? Ke kin san abin da ake kira taux a harkar canji?"

Ba ta sani ba. Ya je ya durƙusa gaban mahaifinsa neman shawara. Tsohon ya share ido da bakin rawani ya ce, "Ɗana, ni na gani. Ko kaɗan ne, karɓi mai rai."

Ya kai akwatin tasha, ya dawo da jikka ɗari biyar, ƙasa da sulusin dukiyarsa. A majalisa ya yi bayanin cewa wannan shi ne aiki da ilimi.

Ranar ta zo, aka ɗaga ta. Kafin wata ya cika kotun can ta ce tsofaffin takardu suna nan da ransu. Tsabar kuɗi ta yi wuya a Najeriya har ana sayen takardar da kowa ya guje wa da ƙarin riba. Abdulrazak ya daina zama majalisa, rabin kantocin shagonsa suka koma wayam.

Wata Juma'a bayan an sauko masallaci, Alhaji Nomau ya kira shi gaban ƙannensa, ya miƙa masa jikka hamsin kyauta, ya haɗa da nasiha mai tsawo a kan gaggawa. Abdulrazak ya shigo ɗaki ido jajir.

"Fadila, uba uba ne. Kuɗɗin maganinsa fa ya ba ni."

Ta ce, "Allah ya saka masa," ta sunkuyar da kai kan tsintar shinkafa. Ta riga ta ƙudurta ba za ta gaya wa kowa ba, ko Inna Lantana, cewa da hantsi da ta kai fura zaure ta tarar da Abdulwahid gurfane yana zazzage buhun sefa a gaban surukinta, tsohon yana dariya yana cewa, "Wallahi wannan karon ya fi na tamanin da huɗu albarka."