Mai Ganga a Bangon Kudu

Ranar Litinin, ƙarfe biyu da kwata na rana, ma'aikata suka dawo daga cin abinci suka tarar da yatsun ƙafa biyar a jikin sabon dutsen da suka bari sumul a bangon kudu.

Ƙa'idar aikin a rubuce take. Shekara ɗari bakwai da ɗoriya iskar teku mai gishiri tana cin haikalin Rana na Konark, a ƙasar Indiya. Hasumiyarsa ta faɗi tun tuni, babban zauren kuma an cika shi da yashi an toshe. Duk dutsen da ya ruɓe a cire shi a sa sabo, amma a bar sabon ba zane, don kada a ɗauki aikin yau a matsayin na mutanen da.

Dibakar Maharana, masassaƙi ɗan masassaƙa, bai taɓa son ƙa'idar nan ba. Amma shekara ashirin da shida yana bin ta, ba a taɓa kama shi da kuskure ko ɗaya ba. A gindin dutsen aka sami kurfinsa na sassaƙa da gudumarsa, inda ya saba ajiye su in zai tafi cin abinci.

Niranjan Samal, injiniyan da ke kula da gyaran, ba ya cin abinci da leburori. A lokacin ne yake zagayen duba aiki shi kaɗai, kuma ya ce bai ga kowa ba. Ya sa aka kira Dibakar.

"Tsoho, ka ɗauka bangon gidan ubanka ne?"

"Yallaɓai, da na iya wannan ai ba nan za ka same ni ina kwaɓa farar ƙasa ba. Dubi farcen nan. Ko kakana bai kai nan ba."

"To aljani ne ke nan?"

"Ni dai ina gindin bishiya ina cin jiƙaƙƙiyar shinkafata. Mutum tara sun gan ni."

Ba a tambayi ko ɗaya daga cikin taran ba. Samal ya ƙwace kayan aikin tsohon, ya kulle su a aljihun teburinsa.

Ranar Laraba idon sawu ya fito, da ƙararrawa goma sha ɗaya a ɗaure. Ranar Juma'a gwiwa. Samal ya dakatar da Dibakar, ya umarci Jogi mai gadi kada ya bar shi ya ƙetare ƙofa. Tsohon ya koma zama a waje cikin masu sayar da kwakwa, yana kallon dawakan dutse na haikalin daga nesa.

Sassaƙar ba ta tsaya ba. Ƙugu ya fito, sannan ganga, sannan hannu biyu a kan fatarta. Kullum tsakanin ƙarfe ɗaya da biyu, lokacin da rana ke tsaye a kan haikalinta, farfajiyar ta yi zafin da ko masu yawon buɗe ido ba sa iya takawa. Wasu leburori suka ce suna jin ƙwanƙwasa sama-sama, kamar daga cikin zauren da aka toshe. Uku suka bar aikin. Sauran suka fara ajiye furanni a gindin bangon kudu.

Samal ya rame. Ciwon kai yake tashi da shi kowace la'asar, ga filasta a babban yatsansa, ya ce ƙofar mota ce. Ya zauna ya rubuta wa 'yan sanda cewa tsohon yana haura katanga. Mutumin da gwiwarsa ba ta barinsa ya hau matakala uku sai ya huta! Haka aka buga hatimi a kan takardar, ba wanda ya je ya auna katangar.

Wata ranar Alhamis Samal ya sa aka ciro dutsen aka kai ofishinsa don ya zama shaida. Mabuɗi ɗaya ne, yana wuyansa. Matar dutsen ta cika, fuska kawai ta rage. 'Yan sanda za su zo ranar Asabar su tafi da Dibakar.

Kuni, matar tsohon, ta tasa shi gaba ranar Juma'a.

"Tashi ka je ka kama ƙafarsa. Girman kan me kake yi? So kake ka mutu a bayan kanta ka bar ni da surutun unguwa?"

"In roƙe shi a kan me? Abin da ban yi ba?"

"Ka roƙe shi a kan furfurarka."

Ƙarfe ɗaya da rabi ya isa ƙofa. Jogi ya duba hagu da dama.

"Baba, za ka ja min kora. Zo mu je tare, in an tambaya in ce kama ka na yi."

Tun daga nesa suka ji sautin ƙwanƙwasar, a hankali, ba gaggawa. Ƙofar ofishin a kulle take ta ciki. Suka zagaya ta taga.

Yau wata takwas ke nan da wannan ranar. Dibakar ya yi kwana goma sha ɗaya a tsare, kuma har yau ba a janye takardar ba. Jogi ya ba da shaida sau biyu, aka ce rana ce ta buge shi. Wannan zalunci ne. Wajibi ne a wanke sunan tsohon nan a gaban mutum taran da aka ƙi tambaya, a mayar masa da aikinsa, domin su biyu ne, shi da Jogi, suka leƙa, da rana tsaka, kuma abu ɗaya suka gani.

Niranjan Samal ne zaune a ƙasa, ya danne dutsen da tafin ƙafafunsa irin zaman masassaƙan da, yana barci har da minshari, hannayensa suna fitar da leɓen matar.