Injin da Ba Ya Son Furfura

Ya buga murfin kwamfutar har shayi ya fantsama. Shi da ya ƙarar da ƙuruciyarsa wajen rubuta manhaja, yau ko mutum bai samu ya duba takardarsa ta neman aiki ba. Yana turawa, injin tantancewa ya watsar da ita.

"Wane la'ananne ne ya koya wa inji ƙin duk wanda ya haura arba'in?"

Matarsa ta ci gaba da goge shayin.

"Baban yara, sassauta tsinuwar, 'ya'yan mutumin suna jin ka. Ka manta ranar da ka shigo mana da kaji, kana murna manaja ya yaba maka wannan dabarar? Lokacin gashinka baƙi wuluk."