Awarwaron Furera a Hannun Gwaggo

Tun da aka kafa dokar sanya wa kowace maijego awarwaro mai nuna halin zuciya, aka daina tambayar "ya jiki?" Hannu kawai ake kallo. In kore ne, lafiya. In ya yi ja, a turo ma'aikaciyar lafiya.

Na Furera kwanansa tara yana ja. Nono ya ƙi zuwa duk da kunun kanwar da take ɗirka. Jaririya na kuka, ita ma tana taya ta.

Da safen da ma'aikaciyar za ta zo, Gwaggo Indo, ƙanwar mahaifinta, ta zare awarwaron ta zura a hannunta.

"Ni da ban san baƙin ciki ba, yanzu zai koma kore ki mayar. Kada a ce 'yar gidanmu ta kasa."

Awarwaro ya yi ja wur, har yana haska bango.

Furera ta tuntsire da dariya, karo na farko tun da ta haihu. "Gwaggo, ai kin fi ni!"

Gwaggo ta jijjiga shi, ta zage shi, sannan ta zauna. "Ni ma nonona bai zo ba lokacin da na haifi Sabi'u. Da madarar akuya na raine shi. Shekara talatin ban gaya wa kowa ba."

"Shi ya sa Yaya Sabi'u yake son hawa katanga!"

Suna dariya suna share hawaye ma'aikaciyar ta yi sallama. Ta dubi hannun Gwaggo. "Wace ce maijegon?"

"Ga ta nan, fara da ita," in ji Gwaggo. "In kin gama, ni ma ina layi."